Saiwar Zaƙi da Bugun Zuciya

Wajejen shekara ta 200 Miladiyya wani likitan ƙasar Sin, Zhang Zhongjing, ya rubuta haɗin magani domin mutumin da bugun zuciyarsa ke tsallake. Jigon haɗin wata saiwa ce mai zaƙi, wadda Larabawa ke kira irƙus-sus. Har yau likitocin Sin na ba da shi, har ga masu ciwon daji waɗanda allurar kashe sankara ta hargitsa musu zuciya.

To, amma a can sai an auna ake sha. Bincike ya tabbatar da cewa yawan shan saiwar yana rage sinadarin fotasiyam a jini, ya jawo ainihin cutar da ake gudu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe: kwankwanin da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi, daga danginsa ne Thomas Fraser na Edinbara ya fitar da maganin zuciya a 1885.

Majinyacin da ke tashi daga Kurmin Mashi zuwa asibitin koyarwa na Shika karɓar allura, idan ya sayi kwalin maganin Sin a kasuwa, babu mai auna masa jini. Sau da yawa ma likitansa bai san yana sha ba.