Secret of Mana (1993): Nazarin Ƙarfi da Raunin Tsarin Faɗa a Wasan Square

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wasan bidiyo na Secret of Mana, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1993 don na'urar Super Nintendo. Hujjarta ita ce ƙarfin wasan da rauninsa tushensu ɗaya ne: an ɗora faɗa na kai-tsaye a kan lissafin wasannin da ake faɗa bi da bi. An kuma duba tasirin sauya wasan daga faifan CD zuwa kaset, da na fassararsa zuwa Turanci.

Gabatarwa

A Japan sunan wasan Seiken Densetsu 2, domin ci gaba ne ga wani wasan Game Boy na 1991 da Amurkawa suka sani da Final Fantasy Adventure. Ya fito a Japan a watan Agusta na 1993, a Amurka a watan Oktoba, a Turai kuma a 1994. Koichi Ishii ne ya jagoranci aikin, Hiromichi Tanaka ya kula da shiryawa, Hiroki Kikuta ya tsara kiɗa, sannan Nasir Gebelli, ɗan asalin Iran wanda ya yi aikin Final Fantasy uku na farko, ya rubuta manhajar. Labarin ba baƙo ba ne: yaro ya zare wani tsohon takobi, aka kore shi daga ƙauyensu na Potos, ya haɗu da wata yarinya da wani ɗan aljani, suka tunkari daular da ke neman farfaɗo da wani tsohon sansanin yaƙi mai shawagi a sama.

Nazarin ya dogara ne ga asalin wasan na Super Nintendo, da sabon zubinsa na 2018, da bayanan da masu aikin suka yi a bainar jama'a.

Inda wasan ya yi zarra

Abu na farko shi ne zoben zaɓi. A wasannin zamanin, mai son sauya makami ko shan magani sai ya bar filin daga ya shiga wani allo mai cike da rubutu. A nan alamomin suna kewaye jarumin a inda yake tsaye, a juya su a zaɓa, ido bai bar fagen ba. Na biyu, mutum uku na iya yin wasan tare idan aka jona na'urar Multitap, kuma aboki na iya shiga ko fita a tsakiyar tafiya. Wannan abu ne mai wuyar samu a dogon wasa mai labari a 1993. Kiɗan Kikuta, da shawagi a bayan dodon nan Flammie ta hanyar fasahar Mode 7 ta Super Nintendo, sun ƙara wa duniyar wasan faɗi.

Tsarin faɗa da saɓaninsa

Nan ne gizo ke saƙa. Duk sara ɗaya da jarumi ya kai, wani ma'auni yana faɗuwa ƙasa, sai an jira ya cika zuwa 100% kafin sara na gaba ya yi cikakken tasiri. Manufar tana da kyau, domin ta hana danna maɓalli barkatai, ta tilasta wa mai wasa ya sara, ya ja da baya, ya sake dawowa. To amma ma'aunin nan a zahiri jiran layi ne irin na Final Fantasy da aka sauya wa riga. Bugu da ƙari, ko da takobi ya sauka a jikin abokin gaba a idon mai kallo, lissafin ɓoye na iya yanke cewa an kuskure. Hannu ya yi daidai, ƙuri'a ta ce a'a. A ganin mai wannan nazari, wannan ne babban aibin wasan, domin wasan faɗa na kai-tsaye alkawari ne cewa abin da ido ya gani shi ne abin da ya faru.

Makamai takwas ne, ciki har da takobi, mashi, gatari, baka da bulala, kuma maƙeri Watts yana ɗaga darajarsu. Ana iya riƙe maɓalli a tara ƙarfi don sara na musamman, sai dai a manyan matakai tarawar tana cin lokaci har ribarta ba ta kai wahalarta ba.

Sihiri kuwa ya karya ma'aunin gaba ɗaya. Yaron ba ya sihiri. Yarinyar tana warkarwa da ba da kariya, ɗan aljanin yana kai hari, duka da taimakon ruhohi takwas irin su Undine da Salamando. Sihirin hari ba ya buƙatar saiti, kuma ana iya jera shi ɗaya bayan ɗaya ta yadda babban dodo ba zai sami damar motsi ba. Sakamakon haka wahalar wasan ta juye: damisar nan Spikey Tiger, wadda ake gamuwa da ita kafin a sami sihiri, ta fi dodanni da yawa na can gaba ba da wuya. Iyakance kowane irin magani zuwa huɗu kacal yana ɗan taka wa sihirin birki, amma bai isa ba.

Akwai kuma matsalar abokan tafiya idan kwamfuta ce ke juya su. Sukan maƙale a bayan dutse ko katanga, allo kuma ba ya gaba sai sun iso. Ga alama an gina wasan ne da tunanin mutane uku a zaune a gaban talabijin, shi ya sa mai wasa shi kaɗai yake ɗanɗana kuɗarsa.

Kaset da fassara

Da farko an tsara wasan ne don na'urar CD da Nintendo da Sony suka yi niyyar haɗawa. Da yarjejeniyar ta rushe, sai aka matse shi cikin kaset mai megabit 16, kuma Ishii ya ƙiyasta cewa abin da aka zubar ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Tabon yana nan a rabi na biyu: farkon tafiya cike yake da garuruwa da hira, amma daga baya sai a rinƙa tsallakawa daga wannan fada zuwa waccan ba tare da labari mai kauri ba, ana kuma maimaita tsofaffin dodanni da sabon launi.

Ted Woolsey, wanda ya fassara shi zuwa Turanci, ya ce kwana 30 kawai aka ba shi, kuma ƙarancin wuri ya sa aka datse zance mai yawa. Saboda haka mai hukunta labarin daga fassarar Turanci yana hukunta abin da aka yanke sau biyu ne.

Sabon zubin 2018 na PlayStation 4, Vita da Windows ya ba da damar gwada hujjar wannan maƙala. An sake zane, an sa muryoyi, an ƙara hira tsakanin jaruman, kuma matsalar ƙarancin wuri ta kau. Amma an bar ma'aunin 100% da lissafin kuskure yadda suke, sai saɓanin nan ya ƙara fitowa fili a sabon zane mai kaifi. Wannan yana nuna cewa kaset ya cuci labarin, amma raunin faɗan daga zaɓin masu tsarawa ya fito.