Dokokin Shige da Fice na Amurka da 'Yan Ƙwadagon Meksiko Marasa Takardu

Ma'aikaci marar takardu, wanda ake kira baƙon haure, shi ne wanda ke zaune yana aiki a ƙasa ba da izinin hukuma ba, ko dai don bai shigo ta ƙofar da aka tanada ba, ko don wa'adin bizarsa ya ƙare bai fita ba. Ci-ranin 'yan Meksiko a Amurka ya girmi dokar da ta haramta shi, domin Kalifoniya da Teksas da Arizona duk sun taɓa zama ƙasar Meksiko, kafin yarjejeniyar Guwadalupe Hidalgo ta 1848 ta tabbatar wa Amurka mafi yawan yankin, kuma an daɗe bayan nan mutum na tsallakawa ya yi aikin gona ko shimfiɗa layin dogo, ya koma gida ba wanda ya tambaye shi takarda.

A 1924 Majalisar Dokokin Amurka ta ƙayyade yawan baƙin da za su shigo daga Turai, amma ta bar 'yan nahiyar Amurka ba ƙayyadewa, saboda manyan manoman kudu maso yamma ba su son rasa masu yi musu girbi. A shekarar ne aka kafa rundunar sintirin kan iyaka, sannan a 1929 aka mayar da shiga ƙasar ba izini laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, sai aka tisa ƙeyar dubban ɗaruruwan mutane zuwa Meksiko, har da yaran da aka haifa a Amurka, waɗanda 'yan ƙasa ne a doka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da buƙatar hannuwa, don haka a 1942 ƙasashen biyu suka ƙulla shirin Birasero, wato ɗaukar leburorin gona na wucin gadi bisa kwantiragi, wanda ya kai har 1964, inda aka rattaba hannu kan kwantiragi kimanin miliyan 4.6. A wuraren tantancewa akan sa mazajen su tuɓe a fesa musu maganin ƙwari na DDT, a duba tafin hannunsu a ga ko ya yi kanta, sannan a miƙa musu fartanya mai guntun ƙota wadda ke sa mutum ya wuni a sunkuye; sai a 1975 Kalifoniya ta hana amfani da ita. A shekarun farko an riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladansu da sunan ajiya, kuɗin da da yawansu suka tsufa ba su gani ba. A tsakiyar wannan zamani ne dokar 1952 ta haramta ɓoye baƙon haure, amma ta fayyace cewa ba shi aiki ba ɓoyewa ba ne, sassaucin da manoman Teksas suka nema. Wannan sashe ya bayyana inda doka ta karkata: laifi na lebura ne, mai gona kuwa ba ruwansa. Samamen korar baƙi na 1954 ya bi wannan layi.

Mafi girman sauyi ya zo ne bayan rufe shirin. Dokar 1965 ta sa wa nahiyar Amurka iyakar biza 120,000 a shekara, gyaran 1976 kuma ya taƙaita kowace ƙasa ga 20,000, alhali a ƙarshen shekarun 1950 leburorin Birasero fiye da 400,000 ke shiga kowace shekara. Gonakin inabi da latas ba su rage buƙatarsu ba, mutanen ƙauyukan jihohin Micowakan da Halisko na Meksiko ma ba su daina zuwa ba; abin da ya sauya kawai shi ne matsayinsu a gaban doka.

Dokar 1986 da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, akasarinsu 'yan Meksiko, ta kuma tanadi tara a karon farko ga wanda ya ɗauki marar izini aiki da saninsa. Sai dai an bar wa mai ɗaukar aiki mafita, domin ya isa ya duba takardar da ta yi kama da sahihiya, abin da ya buɗe kasuwar takardun jabu, ya kuma sa kamfanoni suka koma ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila, waɗanda ke yankar rabonsu daga ladan lebura. Daga 1993 aka tsananta tsaron kan iyaka a El Faso, a 1994 kuma a San Diyego, sai hanya ta koma hamadar Sonora da ke Arizona, inda ƙishirwa da zafi suka kashe dubban mutane, kuɗin masu fasa-ƙwaurin mutane kuma ya yi tashin gwauron zabo. Dokar 1996 ta ƙara da cewa wanda ya shekara ba izini, idan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 10. Masanin zamantakewa Douglas Massey da abokan bincikensa sun nuna cewa waɗannan matakai sun kashe al'adar zuwa da komawa, domin wanda ya sha wuyar shiga ba ya kasadar fita, sai dai ya aika a kawo masa iyali. Ƙiyasin cibiyar bincike ta Pew ya nuna yawan 'yan Meksiko marasa takardu ya kai miliyan 6.9 a 2007, kafin ya sauko zuwa miliyan 4.9 a 2017.

A wurin aiki, dokokin mafi ƙarancin albashi sun shafe su kamar kowa, amma tsoron kora daga ƙasa kan rufe bakin wanda aka danne wa haƙƙi ko ya ji rauni a mayanka ko wurin gini. A 2002, a shari'ar kamfanin Hoffman Plastic, Kotun Ƙoli ta yanke, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, cewa marar takardun da aka sallama saboda shiga harkar ƙungiyar ƙwadago ba zai karɓi albashin da ya rasa ba, hukuncin da ya sauƙaƙa wa mai ɗaukar aiki take doka. Da yawansu kuma ana cire musu harajin fansho daga albashi, alhali ba su da ikon cin moriyarsa. Shirin DACA na 2012 ya jinkirta korar waɗanda aka shigo da su suna yara, amma bai ba su zama na dindindin ba, kuma tun 1986 Majalisa ba ta sake zartar da dokar halatta zama mai faɗi irin waccan ba.