Tsarin endokanabinoid: Abin da ya haɗa tabar wiwi da kumburin jijiyoyi

Jikin ɗan Adam yana sarrafa wasu sinadarai nasa na kansa waɗanda aikinsu ya yi kama da na sinadarin da ke bugarwa a cikin tabar wiwi. Su da mazaunan da suke sauka a kansu a jikin ƙwayoyin halitta, da sinadaran da ke rusa su bayan sun gama aiki, su ne masana ke kira tsarin endokanabinoid.

A shekarar 1964 ne Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace sinadarin THC daga wiwi a Isra'ila. An gano tsarin mazauni na farko, CB1, a 1990, na biyu kuma, CB2, a 1993. Tsakaninsu, a 1992, aka samo anandamid, sinadarin da jiki ke ƙerawa, sannan 2-AG a 1995.

CB1 ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Idan jijiya ta cika aika saƙo, wadda ke karɓa takan saki waɗannan sinadarai su koma baya su sassauta ta, tamkar linzami. Shi kuwa CB2 ya fi zama a ƙwayoyin garkuwar jiki, har da maikurogiliya masu gadin ƙwaƙwalwa, kuma yawansa kan ƙaru idan kumburi ya tashi. A gwajin dabbobi, motsa shi yakan rage sinadaran da ke rura kumburin.

Nan ne batun ya shafi cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya. Fitacciyarsu ita ce wadda likitoci ke taƙaitawa da MS, inda garkuwar ke cinye rigar kitse da ta lulluɓe jijiyoyi, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki. Saƙo sai ya riƙa tsinkewa. Majinyaci yakan sami dishi-dishin gani, ko mutuwar gaɓa, ko sandarewar ƙafafu, alamun su lafa su sake dawowa, abin da a wurinmu ake saurin jingina wa iska ko sammu.

Sai dai abin da ya yi aiki a jikin ɓera bai cika tabbata a jikin mutum ba. Birtaniya ta amince da Sativex, maganin fesawa a baki mai ɗauke da THC da CBD, a 2010, amma domin sassauta sandarewar tsoka kawai. Wani gwaji na shekara 3 da aka yi a can kan majinyata kusan 500, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna THC bai hana cutar ci gaba ba. Taɓa tsarin kuma yana da haɗari: an janye maganin rage ƙiba, rimonabant, daga kasuwar Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin matsananciyar damuwa, kuma a Janairun 2016 mutum guda ya rasu a birnin Rennes na Faransa wajen gwajin wani magani da ke hana rusa anandamid.

Ga mazauna Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, kumburin da aka fi sani shi ne sanƙarau. Annobar da ta ɓulla a Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa jihohi da dama, ta kuma ci rayuka fiye da 1,000 a ƙasar. Wannan kumburi ne na ƙwayar cuta daga waje, maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa da rigakafi. Wiwi ba ta da wani gurbi a ciki. Mai tallan da ke cewa ganyen yana warkar da kowane ciwon jijiya ya haɗa cututtuka biyu da ba su da dangantaka, ya kuma manta cewa yawan shan wiwi, musamman ga matasa, yana da alaƙa da taɓin hankali.

A doka kuwa, wiwi haramtacciya ce a Najeriya ƙarƙashin dokar 1966 da kuma dokar hukumar NDLEA da aka kafa a 1989. Tabbatar da cutar MS yana buƙatar hoton na'urar MRI, wani lokaci da gwajin ruwan laka, don haka mai irin waɗannan alamu daga arewacin Zamfara ya kamata ya nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.