Daga Lokoja zuwa Wusasa: Yadda Cocin Angilikan ta Kafu a Arewa

Wanda ya tashi daga Gaya ta Nijar ya tsallaka iyaka zuwa Kamba, ya shiga jihar Kebbi ke nan, ya kuma shiga yankin bishop na ɗariƙar Angilikan. A ɓangaren Nijar ba a saba jin sunan sosai ba, domin Kiristocin ƙasar Hausa na can galibi mishan ɗin SIM ko Katolika ce ta rene su. Angilikan kuwa ɗariƙar gidan sarautar Ingila ce, sawun Turawan Ingila ta biyo. Tun kafin ta taka ƙasar Hausa aka fara gardama a kan wanda ke da iko a cikinta.

A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka ceto daga jirgin bayi, bishop a Kantabari, aka ba shi aikin kogin Kwara. Ya kafa tashoshi har Lokoja. A 1890 sai ga wasu samarin Turawa na ƙungiyar mishan ta CMS, cikinsu da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun iso da burin shiga ƙasar Hausa, har suna sa riga da rawani. Maimakon su wuce, sai suka juya kan limaman Afirka da ke ƙarƙashin dattijon, suka zarge su da sakaci, aka dakatar da wasu a gabansa a taron Onica. Crowther ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Majami'un yankin Delta suka fusata, suka kafa tsarin cin gashin kansu a 1892. Su Brooke kuma zazzaɓi ya ɗauke su ba su ga Kano ba.

Bishop Herbert Tugwell ne ya kai Kano a 1900, tare da wani matashin likita, Walter Miller. Sarki Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku. Sai a 1905 Miller ya samu zama cikin birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta taɓa sakin jiki da shi ba, don ta yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, shi kuma Miller bakinsa ba ya shiru a kan sarakuna da rasdan baki ɗaya. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda magina Hausawa suka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da bakan gizo, kamar soron fada. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Miller na kan gaba a fassararsa. Wusasa ƙaramin gari ne, amma makarantarsa ta yaye Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon.

Sai dai yawan mabiya ba daga Wusasa ya zo ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi: akawu da malamai da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika majami'un Sabon Gari. A 1954 aka kafa dayosis guda ga Arewa duka, John Mort ne bishop. Ranar 24 ga Fabrairu 1979 Cocin Nijeriya ta balle daga lardin Afirka ta Yamma ta zama mai cin gashin kanta, da dayosis 16, Timothy Olufosoye na shugabanta. A 1980 aka raba Arewa uku: Kaduna, Kano, Jos. A 1990 Akbishop Joseph Adetiloye ya tura bishop-bishop na mishan zuwa garuruwa irin su Sakkwato, Katsina, Maiduguri da Bauchi, tun kafin a tara jama'ar da za ta iya ɗaukar nauyinsu. Dabarar ta yi aiki. Yau dayosis sun haura 160. Wusasa kanta, uwar abin, sai a 1997 ta samu nata bishop, Ali Buba Lamido, kuma jinkirin nan ya nuna inda nauyin cocin yake.

Mai karatu Musulmi zai so ya san cewa Angilikan ba su da Fafaroma. Akbishop na Kantabari kamar babban wa yake a gida: shi ke kiran taro, ana ba shi girma, amma ba ya iya yanke wa ƙannensa hukunci. Taron bishop-bishop na Lambeth, wanda aka fara a 1867, shawara yake bayarwa. Muddin ana jituwa wannan tsari ya isa. A Lambeth na 1998 rinjaye ya tsaya a kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne. A 2003 cocin Amurka ta naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da namiji, bishop, aka rasa mai ikon tsawatarwa. Akbishop Peter Akinola ya ja Nijeriya ta goge sunan Kantabari daga tsarin mulkinta a 2005, ta ce zumuncinta da masu riƙe koyarwar asali ne kawai. A 2008 Nijeriya da masu ra'ayinta suka ƙaurace wa Lambeth, suka yi nasu taron a Kudus, wanda ya haifi ƙungiyar GAFCON.

A nan labarin ya komo Sakkwato. Bishop ɗinta na farko, Josiah Idowu-Fearon, masanin Musulunci da ya yi karatu a Birmingham, daga baya ya riƙe Kaduna, shi aka naɗa babban sakataren tarayyar Angilikan ta duniya a 2015, ɗan Afirka na farko a kujerar. Cocinsa ta fito fili ta ce ba da yawunta ya karɓa ba. Shi ma a kan aure ra'ayin gargajiya yake riƙe da shi. Saɓanin shi ne ya ƙi goyon bayan dokar ɗaure masu luwaɗi, kuma ya yarda a ci gaba da zama inuwa ɗaya da Amurkawa ana gardama. A ganina, zama shekaru cikin Musulmin Sakkwato da Kaduna, inda dole ka gaisa da wanda ba ku yarda da juna a aƙida ba, yana da hannu a matsayinsa. Ya riƙe muƙamin har 2022, shekarar da Nijeriya da Uganda da Ruwanda suka sake ƙin zuwa Lambeth.

Shugaban cocin na yanzu, Henry Ndukuba, wanda ya hau a 2020, shi ma renon Arewa ne: ya yi limanci a Kano, ya koyar a kwalejin tauhidi ta Wusasa, ya zama bishop na Gombe a 1999. A Oktoba 2025, bayan an sanar da Sarah Mullally a matsayin mace ta farko da za ta hau kujerar Kantabari, GAFCON ta ce ta daina amincewa da Kantabari da Lambeth a matsayin ginshiƙan haɗin kai, kuma su ne ainihin tarayyar. Wasu larduna, ciki har da Afirka ta Kudu, sun yi maraba da naɗin.