Dogara Ga Allah Sa'ad Da Ba Mu Gane Al'amuransa Ba

Dogara ga Allah ita ce mu jingina ga halinsa da alkawaransa, ko da ba mu ga dalilin abin da yake faruwa da mu ba. Littafi Mai Tsarki bai yi mana alkawarin cewa za mu fahimci kome ba. Ishaya 55:8-9 ya koya mana cewa tunanin Allah ya fi namu nesa ba kusa ba.

Inda tambayar take tasowa

Ga masu bi a Jihar Zamfara, wannan ba darasin aji kaɗai ba ne. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna sace mutane da shanu, suna hana manoma zuwa gona. Matafiya a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa sun san wannan fargaba. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. A watan Satumba 2023 kuma aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Wannan masifa ba ta bar Kirista ko Musulmi ba. Wanda ya yi azumi da addu'a, duk da haka ya sayar da gonarsa don ya biya kuɗin fansa, dole ya tambaya: ina Allah yake?

Misalin Habakuk

Annabi Habakuk ya yi wannan tambaya wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu. Ya ga zalunci da zubar da jini a Yahuza, ya kai kuka ga Ubangiji. Amsar da ya samu ta fi tambayar nauyi, gama Allah ya ce zai tā da Kaldiyawa, mutanen da suka fi Yahuza mugunta. Habakuk bai yi shiru ba, bai kuma juya baya ba. Ya sake tambaya, ya tsaya yana jira. Allah ya nuna masa cewa ta bangaskiya adali zai rayu, kuma azzalumi ba zai kuɓuce wa shari'a ba (sura 2). A ƙarshen littafin annabin ya ƙudura zai yi murna da Allah ko gonaki sun ƙi, ko garke ya zama wayam (3:17-19). Halin ƙasarsa bai canja ba tukuna, amma ya san wanda yake riƙe da shi.

Kurakurai biyu

Na fari shi ne mu ce wanda masifa ta faɗa wa ya fi saura zunubi. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah kuwa ya tsauta musu (Ayuba 42:7). Yesu ma ya ƙi wannan tunani game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). Kada mu ƙara wa gwauruwa ko wanda ya dawo daga daji nauyin zargi.

Na biyu shi ne mu ɗauka jinkiri yana nufin Allah ya manta. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da labarin sayar da shi ya soma, yana da 30 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Sai daga baya ya gane cewa Allah ya juya muguntar 'yan'uwansa ta zama ceton rayuka (Farawa 50:20). Bai kuwa kira muguntar alheri ba.

Tushen dogararmu

Babu aikin Allah da aka kāsa ganewa kamar gicciye. Ranar Jumma'a almajirai suka zaci kome ya ƙare, ranar Lahadi suka tarar da kabari ba kowa. Wanda ya ba da Ɗansa dominmu ya isa mu amince da shi a inda bai yi mana bayani ba.

Saboda haka muna da izinin yin kuka a gabansa. Muna kuma neman adalci wurin hukuma, muna tallafa wa waɗanda suka bar garuruwansu, ko wane addini suke bi, muna yi wa maƙiyanmu addu'a su tuba. Waɗansu amsoshi za mu same su a nan duniya, waɗansu kuwa sai ranar da muka ga Ubangiji fuska da fuska.