Da Rum Ta Faɗi: Amsar Wani Dattijo Daga Gaɓar Afirka

Ranar 24 ga Agustan shekara ta 410 miladiyya, rundunar Gotawa ƙarƙashin sarkinsu Alarik ta kutsa cikin birnin Rum. Kwana uku suka yi suna kwasar ganima, suka ƙone wasu gidaje, suka kama bayi, sannan suka fice suka nufi kudu. In aka auna da yadda ake cin garuruwa a wancan zamani, ɓarnar da sauƙi. Gotawan Kiristoci ne, har sun ƙyale duk wanda ya fake a manyan majami'un Bitrus da Bulus. Sarkin daular ma, Honoriyus, ba ya garin, yana can Rabenna a ɓoye. Amma kusan shekara 800 ke nan rabon da wani baƙo ya ci Rum da yaƙi, kuma yara sun tashi suna haddace waƙar Birjil, wadda ta yi wa Rumawa alkawarin mulkin da ba ya ƙarewa. Saboda haka labarin ya girgiza duniyarsu tun daga tushe. Can a Baitalami, malamin nan Jerom ya rubuta cewa kuka ya hana shi ci gaba da aikinsa. In har Rum za ta iya faɗuwa, to wane gari ne ya tsira?

Jiragen ruwa suka fara sauke 'yan gudun hijira a gaɓar Afirka ta Arewa, wadda a lokacin yanki ce na daular, kuma rumbunta na hatsi da man zaitun. Cikinsu har da manyan attajirai da matan fada, waɗanda jiya suke da bayi ɗari-ɗari. Suka iso da kayansu, da kuma wata magana mai zafi. Masu bin addinin gargajiya na Rumawa suka ce ai ga shi nan: tun da sarki Tiyodosiyus ya haramta yi wa gumaka yanka a wajen 391, iyayen gijin birnin suka yi fushi suka janye kariyarsu. Shekara nawa aka yi? Ko ashirin ba a cika ba.

Su kansu Kiristocin bakinsu ya mutu. Tun musuluntar... a'a, tun da sarki Kustantin ya rungumi addininsu kusan shekara ɗari kafin nan, malamansu da dama sun koyar da cewa daular Rum da mulkin Almasihu tafiyarsu ɗaya, kuma zamanin Kiristanci zamanin nasara ne. Yanzu sai ga masu ibada suna gunaguni a ƙofar coci: kabarin Bitrus yana Rum, na Bulus yana Rum, amma aka wawashe ta? Tsoronsu ya wuce na asarar dukiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kowa ya san gobe ana iya zuwa kansa.

Mutumin da wannan tambaya ta faɗo wa a ka shi ne Ogastin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ɗan ƙasa ne, an haife shi a 354 a Tagast, wato Suk Ahras ta yanzu. Kuma in ana maganar abin da ke gushewa, ya sha darasin tun da wuri. A littafinsa na ikirari ya ba da labarin wani amininsa da zazzaɓi ya ɗauke suna samari. Ya ce garin haihuwarsa ya zame masa kurkuku, ko'ina ya duba yana sa ran ganin abokin, har dai ya tattara ya gudu Kartaj. Da ya waiwayi abin bayan shekaru, hukuncin da ya yanke wa kansa shi ne ya ƙaunaci mai mutuwa kamar ba zai mutu ba. Mahaifiyarsa Monika ta rasu a 387 a tashar jiragen Ostiya, 'yan watanni bayan an yi masa baftisma a Milan. Ɗansa tilo, Adeyodatus, ya bi ta ba da jimawa ba, bai kai shekara ashirin ba.

Daga nan tunaninsa ya kafu a kan abu guda. Duk abin da aka halitta yana sauyawa, domin daga babu aka yi shi: jiki, zuciya, gari, daula. Mahalicci ne kaɗai ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ba ya tsufa, ba ya sake shawara. Ya kafa hujja da sunan da Allah ya bayyana wa Musa a Littafin Fitowa, da Zabura ta 102 wadda ta kwatanta sammai da tufa mai tsufa, da annabi Malakai, da wasiƙar Yakubu. Ya ƙara da wani nazari kan lokaci wanda har yau masana falsafa ke tauna shi. Jiya ta wuce, gobe ba ta zo ba, yau kuma tana zamewa kafin ka kama ta. Ɗan Adam a yage yake tsakanin tunawa da fargaba. Amma Allah shi ya halicci lokacin kansa, don haka ba ya jiran gobe kamar yadda muke jiranta. Goben da ke hana mutum barci tana gabansa tuni, a buɗe.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai maganar zaure ce, ta malaman da cikinsu ya cika. Sai a duba yadda ya yi amfani da ita a kan mumbari, gaban mutanen da suka rasa komai. Bai ce musu Rum za ta dawo da ƙarfinta ba. Ya ce watakila ta farfaɗo, watakila ba za ta farfaɗo ba. Mutane suka gina ta, mutane suka rushe, kuma Almasihu bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa ganuwa za ta dawwama ba. Ya kwatanta duniya da tsoho: in mutum ya tsufa sai tari, sai ciwon ido, sai gajiya, to me zai sa a yi mamaki don duniya ta fara nishi? Ya kuma ɗauko misalin da kowane manomin yankin ya sani, na matsar zaitun. Dutse ɗaya ke danne 'ya'yan, amma mai ya gangara tulu, dusa ta bi kwata. Wahalar ɗaya ce, abin da ke fita daga mutum ne ya bambanta. Ya yawaita maganar har wasu suka gundura, suna cewa da ma ya yi shiru da zancen Rum. Shi ma ya ji, ya kuma ambata a wa'azi. A ƙarshen ɗaya daga waɗannan wa'azozi, abin da ya roƙi jama'a shi ne su buɗe gidajensu ga baƙin da suka cika garin.

Wani babban jami'in gwamnati, abokinsa Marsalinus, ya matsa masa ya rubuta cikakkiyar amsa. A 413 ya fara littafin da aka sani da Birnin Allah. A wannan shekarar aka fille kan Marsalinus a Kartaj bisa zargin hannu a tawaye, duk da roƙon da Ogastin ya yi. Bai ajiye alƙalami ba. Shekara goma sha uku ya ɗauka, ya kammala a 426, kashi 22.

Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne inda ya fara. Kafin ya shiga tarihi da falsafa, ya tsaya kan raunukan da mutane ke ɓoyewa. Akwai waɗanda aka kashe musu dangi ba a samu binne su ba. Ya ce gawar da ba ta sami kabari ba ba ta ɓace wa wanda zai tashe ta ba. Akwai matan da sojoji suka yi wa fyaɗe, a cikin al'ummar da ke yabon Lukureshiya, wadda ta kashe kanta saboda irin wannan. Ya ce tsarki a zuciya yake, laifin na wanda ya aikata ne, kada wata ta ɗauki ranta saboda zunubin wani. Sai bayan nan ya juya kan masu zarginsa, ya jero musu annoba da yunwa da yaƙin basasar da suka auka wa Rum tun gumakan na shan jinin yanka. Sannan ya shimfiɗa babban ra'ayinsa: birane biyu ne a cakuɗe cikin tarihi, ɗaya ya ginu a kan son kai, ɗaya a kan son Allah, kuma babu wata daula ko tuta da za a nuna a ce ita ce na biyun. Da wannan ya tsinke igiyar da 'yan'uwansa Kiristoci suka ɗaure imaninsu da ita a jikin Rum. Wani almajirinsa, Orosiyus, ya rubuta nasa tarihin yana nuna cewa al'amura sai gyaruwa suke tun zuwan Kiristanci. Malamin bai bi wannan hanya mai daɗin ji ba.

Ba wai shi ma bai taɓa jingina da ƙarfin sarauta ba. Ya goyi bayan a tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus komawa cocinsa da dokar gwamnati, kuma wannan tabo ne da masu tarihi ba su yafe masa ba. Ina ganin suna da gaskiya.

Jarrabawar ta iso ƙofarsa a 429, lokacin da Bandalawa ƙarƙashin Gaisarik suka tsallako daga Sifen ta mashigar Jibralta, mutum wajen 80,000 har da mata da yara, suka nausa gabas suna cin garuruwa. Limaman coci suka rikice. Wani bishop mai suna Honoratus ya rubuto yana tambaya: ya halatta mu gudu? Yana da hujja, domin Bulus kansa an taɓa zura shi a kwando ta bayan ganuwa ya tsere daga Dimashƙu. Amsar Ogastin ba ta da kwana-kwana. In kai kaɗai ake nema kuma akwai masu riƙe jama'a a bayanka, tafi. In jama'ar duka sun tashi, bi su. Amma muddin akwai sauran mutane a garin, makiyayi ba ya barin garke, domin a ranar tsoro ne coci ke cika da masu neman baftisma da tuba, kuma ba daidai ba ne su zo su tarar ba kowa.

A tsakiyar 430 aka yi wa Hippo ƙawanya, ta ƙasa da ta ruwa. Garin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, cikinsu har da abokinsa Posidiyus, bishop na Kalama, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa. Shi ya gaya mana cewa dattijon ya sha kuka a waɗannan watanni, yana jin labarin majami'un da aka ƙone da limaman da aka kashe, aikin shekara arba'in yana rugujewa a idonsa. Imaninsa bai hana shi baƙin ciki ba. Wata rana suna cin abinci ya faɗa musu abin da yake roƙo: ko Allah ya kuɓutar da garin, ko ya ba bayinsa ƙarfin jure abin da ya ƙaddara, ko kuwa ya ɗauki ransa. Bai ce ya san wanda za a amsa ba.

A wata na uku na ƙawanyar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba na Dawuda aka manna a bango daura da gadonsa. Kwana goma na ƙarshe ya roƙi kada kowa ya shigo, sai mai magani da mai kawo abinci. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da abin rabawa. Umarninsa kawai shi ne a kula da ɗakin littattafan cocin saboda na baya.

An yi wata goma sha huɗu ana ƙawanyar. Daga baya Hippo ta koma hannun Bandalawa, Kartaj ta bi a 439, a 455 kuma jiragen Gaisarik suka isa Rum kanta, aka yi mako biyu ana wawashe ta. Ƙasusuwan Ogastin ma ba su zauna ba, an kai su tsibirin Sardiniya, daga can zuwa Fabiya a arewacin Italiya, inda suke har yau. Littattafan kuwa sun fita daga garin lafiya. Posidiyus ya zauna ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, littafi da wasiƙa da wa'azi, sama da dubu, ya haɗa jerin da tarihin da ya rubuta, ya kuma sanar da duk mai son kwafi inda zai nema.