Daga Kunnen Makanike Zuwa Wayarka: Tarihin Gano Ciwon Mota Mai Turbo

Idan kana da tsohuwar mota mai turbo, wataƙila ka san alamomin nan uku: salansa na harbi kamar bindiga, mota ba ta ja a hawa, da safe kuma sai ka yi ta murza makulli kafin ta tashi. Kafin ka yarda a ce maka "turbonka ya mutu", tsaya ka ji tarihin abin.

Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar turbo a 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya wata fanka, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Sai a 1962 turbo ya shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair.

Ita Jetfire ana zuba mata wani ruwa na musamman mai hana inji ƙwanƙwasa. Idan ya ƙare, motar da kanta take rage ƙarfin turbo. Masu ita suna mantawa da ruwan, suna ta ƙorafi wai mota ba ta ja, har aka cire wa da yawa turbon. Ka ga tun farko ake ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba.

A lokacin, kunne da gogewa su ne jarin makanike. A 1976 Volvo ta fara sa na'urar Bosch mai auna iskar oksijin a cikin hayaƙi. Zuwa shekarun 1980 kwamfuta ta shiga mota: a motocin General Motors sai ka haɗa ramuka biyu na wani soket da guntuwar waya, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar da ke gaban direba, ka san lambar matsalar. Kowane kamfani da irin tsarinsa.

Amurka ta wajabta tsari ɗaya, OBD-II, daga 1996. Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal. Shi ya sa yawancin 'yan Beljiyam da ke titunanmu ke da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari.

Yau da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, wayarka za ta karanto maka lambar:

P0300: wuta na tsinkewa a inji. Duba filogi da kwayil. Man da bai ƙone ba ne ke fashewa a salansa.
P0299: iskar turbo ta gaza. Sau da yawa tiyo ne ya tsage ko ya saki.
P0171: iska ta yi wa mai yawa. Nemi inda iska ke shiga, ko famfon mai ya raunana.
P0335: sensar da ke lura da juyawar inji, mai hana mota tashi.

Amma fa lambar unguwa take nuna maka, ba gida ba. Fara da mai araha: filogi, tiyo, matatar mai. Idan motarka ta girmi OBD-II, haka za ka bi su da ido da hannu.

Kuma kada ka ci gaba da tuƙi tana harbi. Man da ke ƙonewa a hanyar hayaƙi yana gasa turbo, sai ciwon filogi ya zama na turbo da gaske.